A Cikin Fim Boka Ba Ya Ƙarya



Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, yau zan kawo muku wata mas'ala da ta same ni har zauren Islamiyyarmu a nan cikin birnin Katsina. Makonni kaɗan da suka wuce, an tashi daga karatun yamma, ina cikin tattara littattafai, sai wata tsohuwar ɗalibata ta yi sallama. A hannuna ta karanta Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi. Yanzu tana karatun aikin jarida a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. An ba su aikin ƙarshen zango: su biyar za su shirya ɗan gajeren fim na minti goma. Labarin da suka zaɓa na wata budurwa ce da ta je wurin mai duba ana saura wata ɗaya aurenta. Ɗalibar tawa aka ɗora wa rubutun. Sun yanke shawarar cewa mai dubar tasu ba za ta buga ƙasa ba, za ta yi aiki ne da wata karta mai hotuna wadda Turawa ke kira tarot, domin a cewarsu ta fi kyau a kyamara. Ta nuna mini littafin rubutu da ta cika da ma'anonin kartar, mako biyu tana kwafowa daga intanet.

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wata ƙawata ta ce sallata ta kwana arba'in ba karɓaɓɓiya ba ce. Don Allah na yi laifi?"

Ban ba ta amsa a take ba, domin ni kaina ban san kartar ba, kuma hukunci a kan abu reshe ne na saninsa, kamar yadda malaman usulu suka koyar da mu. Na ce ta ba ni mako guda. Abin da na fahimta a wannan mako shi nake son mu yi nazari tare, saboda na san akwai ɗalibai da yawa da irin wannan tambaya take damu, kunya ce kawai ta hana su yi.

Mece ce wannan karta?

Tarot karta ce mai ganye 78. Guda 56 sun kasu gida huɗu, kamar kartar da muka sani: kofuna, takubba, tsabar kuɗi da sanduna. Sauran 22 su ne manya, kowace da hotonta da sunanta, irin su Wawa, Masoya, Rataye, Mutuwa, Hasumiya, Wata da Rana. Mai duba yakan cakuɗa su, ya sa ka zaro uku, ya ce ɗaya jiyarka ce, ɗaya yau, ɗaya gobe. Akwai kuma shimfiɗa mai ganye goma da wasu ire-irenta.

Masu wannan sana'a suna cewa sirrin ya fito ne daga tsohuwar Masar ta Fir'aunoni. Tarihi bai goyi bayansu ba. Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370, kuma masana sun tafi a kan cewa daga ƙasar Musulmi ta shiga, wato Masar ta zamanin Mamluk. Har yau akwai ragowar kartar Mamluk a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. Babu hoton mutum a jikinta, sai ado da rubutun Larabci. Gidajenta huɗu su ne kofuna, takubba, dinarai da sandunan folo. Mu Katsinawa da muka san folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan sanda. Turawan wancan lokaci kuwa ba su san wasan ba, sai suka mayar da ita kulki.

A wajajen 1440 ne aka ƙara manyan ganyen nan masu hotuna a fadojin Italiya, a garuruwa irin su Milan da Ferrara. Abin wasa ne na sarakuna da attajirai, kuma har gobe ana buga shi a Faransa a matsayin wasa kawai. An shafe shekara fiye da ɗari uku babu wanda ya shahara da karanta gobe a cikinta. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa hotunan boyayyen littafi ne na limaman Masar. A lokacin babu mahalukin da ya iya karanta rubutun Fir'aunoni, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a sami ko ƙanshin wannan karta a ciki ba. Wani ɗan ƙasarsa da ake kira Etteilla shi ya mayar da abin hanyar cin abinci, ya tsara wa kowane ganye ma'ana. Ita kuwa kartar da ɗalibata ta gani a wayarta, a Landan aka buga ta a 1909. Wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana ta bisa umarnin wani mutum mai suna Arthur Waite. Shi Waite ɗin ma musanya wurin ganye biyu ya yi, na takwas da na goma sha ɗaya, don su dace da lissafin taurarin da ƙungiyarsu ke bi.

Mai karatu, ka duba silsilar nan da idon ɗalibin hadisi. Matani ne da isnadinsa ya yanke a ƙarni na goma sha takwas, maruwaicin farko ya faɗi abin da bai da hanyar saninsa, na bayansa kuma ya sauya lafazi yadda ya ga dama. Da hadisi ne, da tuni mun jefa shi cikin maudu'ai.

Su kansu ma'anonin, da na karanta littafin ɗalibata sai na ga dabarar. Ganyen Mutuwa, sun ce ba lallai mutuwa ba ce, yana iya zama sauyin rayuwa. Hasumiya rushewa ce, amma tana iya zama kuɓuta daga ƙarya. In ganye ya fito a kife, ma'anarsa ta juye ko ta yi rauni. Ashe kowane ganye yana ɗauke da abu da kishiyarsa. Wane ne a cikinmu rayuwarsa ba ta fuskantar sauyi? Wace budurwa ce aurenta ya matso ba ta da fargaba a zuci? A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su ba takardar maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.3. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani ɗan littafin taurari ya tsinto jimlolin. Riga ce da aka ɗinka da faɗi, duk wanda ya saka sai ya ce don shi aka yi.

Me Shari'a ta ce?

Asalin mas'alar a fili yake. Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Aya ta 65 ta Suratun Namli ta kore shi daga duk wanda ke sammai da ƙasa, aya ta ƙarshe ta Suratu Luƙman kuma ta tabbatar da cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Larabawan Jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam. Ɗaya an rubuta umarni a jikinta, ɗaya hani, ɗaya babu komai. In mutum zai yi tafiya ko aure sai ya zura hannu a jaka ya zaro. Suratul Ma'ida ta haramta wannan a aya ta 3, a aya ta 90 kuma ta jera shi tare da giya da caca da gumaka. Ban ga bambanci tsakanin zaro kibiya daga jaka da zaro ganye daga karta ba, in ban da fenti.

Hadisin da ƙawar ɗalibata ta tsoratar da ita da shi ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim. Ma'anarsa ita ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Imamun Nawawi ya yi bayanin cewa ladan ne yake rasawa, sallar kuwa tana nan a kansa, ba zai bar ta ba, kuma ba a ce ya rama ba. Na faɗi wannan ne domin na taɓa jin wanda ya ce tun da ba za a karɓa ba, bari ya huta sai kwanakin sun cika. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Akwai wani hadisin a Musnadu Ahmad da ya fi wannan tsanani a kan wanda ya je kuma ya gaskata.

To amma karanta tarihin abu da gane yadda ake yaudarar mutane da shi, hukuncinsa daban. Huzaifa ɗan Yamani, Allah Ya yarda da shi, ya kasance yana tambayar Manzon Allah game da sharri a lokacin da mutane ke tambaya game da alheri, don tsoron kada ya riske shi. Manzon Allah da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jarraba Ibnu Sayyad a Madina: ya ɓoye wani abu a ransa ya ce ya faɗa, yaron ya kawo guntun kalma ya kasa cikawa, aka nuna wa mutane iyakarsa. Daga wannan ƙissa malamai suka fitar da cewa tambayar da mai ilimi zai yi don ya tona asirin maƙaryaci ba ta shiga cikin hanin ba. Ibnu Khaldun a Muƙaddimarsa ya yi bayanin yadda ake bugun ƙasa dalla-dalla, sannan ya nuna ba shi da tushe. Da bai san yadda ake yi ba, da raddinsa ya zama ihu bayan hari.

Saboda haka da ta dawo na ce mata, "Wanda ya karanta don ya sani, ya faɗakar, ba ɗaya yake da wanda ya tambaya don ya ji gobensa ba. In a nan kika tsaya, ban ga laifinki ba."

Inda ƙafa take zamewa

Sai ta yi shiru. Can ta ce, "Malam, ban tsaya nan ba."

Ashe tun da ta fara binciken, TikTok ya cika mata waya da bidiyon masu duba. Mace za ta jera tari uku ta ce ka zaɓi ɗaya, ko ta ce in wannan bidiyo ya zo gabanka to saƙonka ne. Wani dare ta zaɓa, wai don ta ga yadda suke magana ta sa a labarinta. Akwai wanda ke neman aurenta, maganar ta ɗan yi sanyi a kwanakin. Matar ta ce akwai wanda ke ɓoye miki wani abu. Ta kwana ba ta yi barci ba. Washegari ta sake kallon wani, jibi ma haka.

Wannan shi ne wurin da nake son kowane ɗalibi ya lura da shi. Ba ta taka ƙafa zuwa gidan kowa ba, ba ta biya ko kwabo ba, amma ta kai tambayarta, kuma amsar ta zauna mata a zuci. Zuwa wurin boka a yau ba ya bukatar takalmi. Manhajar tana lura da abin da ka tsaya kallo, sai ta ƙaro maka irinsa, kai kuma ka ɗauka ƙaddara ce ta kawo maka saƙo. Aikin da yaron boka yake yi a zaure, ya ja baƙo da hira ya kai rahoto ciki, shi na'ura take yi yanzu ba gajiya.

Ban yi mata tsawa ba, domin wanda ya kawo kansa ya faɗi gaskiya ya riga ya yi rabin tuba. Na ce ta nemi gafarar Allah, ta daina, ta ci gaba da sallarta. Na ba ta ma'auni guda: duk lokacin da sunanki ko damuwarki ta shiga cikin tambayar, bincike ya ƙare, duba ya fara. Maganar mai neman aurenta kuwa, na ce hanyarta sananniya ce: istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir, da shawarar iyaye, da binciken halinsa a unguwarsu da wurin sana'arsa. Istihara roƙon zaɓin Allah ce, ba a leƙa gaibu da ita, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki.

Alƙalamin marubuci

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Na karɓi labarin da ta rubuta na karanta. A minti na biyu mai duba ta zaro Hasumiya, ta ce wa budurwa wannan aure ba zai yi ƙarko ba. A minti na tara auren ya rushe. A minti na goma wani dattijo ya fito ya yi nasiha cewa zuwa wurin boka haramun ne.

Na tambaye ta, "Wa ya rushe auren nan?"

Ta ce, "Ƙaddara, Malam."

Na ce, "A'a, ke kika rushe shi. Alƙalami a hannunki yake."

A rayuwa ta zahiri ɗan duba yana faɗin abu goma, tara su faɗi ƙasa, ɗaya ya dace, mutane su manta taran su riƙe ɗayan. Hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim ya siffanta haka: kalma ɗaya ta gaskiya da ake cakuɗawa da ƙarya ɗari. Amma a cikin fim ɗarin nan ba ta bayyana. Ana koya wa ɗaliban rubutu wata ƙa'ida da ake jingina wa marubucin Rasha Anton Chekhov, cewa in ka nuna bindiga a rataye a farkon wasa, dole ta tashi kafin a ƙare. Ƙa'ida ce mai kyau ga bindiga. In aka ɗora ta a kan maganar boka, sakamakon shi ne duk abin da ya faɗa sai ya faru. Marubuci ne kaɗai ya san goben mutanen da ya ƙirƙira, sai ya ɗauki wannan sani ya ara wa boka kyauta. A cikin fim boka ba ya ƙarya, domin wanda ya rubuta ƙarshen labarin shi ya sa masa magana a baki.

Wannan cuta ta daɗe a finafinanmu. Tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 masana'antar fim ɗin Hausa ta girma, ta shiga kowane ɗaki, kuma boka yana cikin baƙin da suka fi yawan zuwa. Duk mun san siffarsa: kogon dutse, jan ƙyalle, ƙaho, hayaƙi da dariyar ƙeta. Kishiya za ta je, ya faɗa mata abin da ya kawo ta tun kafin ta buɗe baki, ya faɗi abin da zai faru, ya kuma faru. Awa guda da rabi aikinsa yana ci. Saura minti biyar a tashi sai asiri ya tonu, ta haukace, a rubuta godiya ga Allah. Na yarda masu shiryawa faɗakarwa suka nufa. Amma ka tambayi kanka abin da matar da ke cikin ƙuncin zaman gidan miji za ta ɗauka. Minti biyar sun ce mata haramun ne, minti tamanin da biyar sun ce mata yana aiki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba samuwar sihiri nake musu ba, Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, ya kuma ɗaure cutarwarsa da izinin Allah. Maganata a kan sanin gobe ce, wanda babu boka ko aljanin da ya mallake shi. Fim ɗin da ya nuna ɗan duba yana faɗin gobe daidai ya yi wa aƙida ƙarya, ko da an rufe shi da wa'azi.

Me ya kai mu Italiya?

Abu na biyu da na ce wa ɗalibata shi ne, me ya sa kuka tsallake na gida? Ta ce kartar ta fi kyau a hoto. Gaskiya ne. Ina kuma zargin akwai wani dalilin: tarot baƙuwa ce, sukarta ba ya ɓata wa kowa rai. In kuwa kuka nuna faranti da rairayi da carbi, wani zai ce da shi kuke.

Nawa ne a cikin matan da ke tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga suka taɓa riƙe wannan karta? Abin da ke cin kuɗinsu da aurensu shi ne bugun ƙasa, da hisabin suna da sunan uwa, da wuri. Bugun ƙasa yana da siffofi goma sha shida, kowace layi huɗu ne na ɗigo ɗaya ko biyu, kuma littafin Zanati da ake koyonsa da shi ya daɗe yana yawo a Afirka ta Yamma. Mai yinsa ba ya zama a kogo. Yana sanye da farar riga, yana da lambar waya da asusun banki, kuma abin da ya fi yi mini ciwo, da sunan da ake kirana ake kiransa: malam.

Tarihin garinmu ma yana da abin cewa a nan. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga ƙasar Katsina da ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Masana lissafi suna ambatonsa har yau saboda hanyoyin da ya tsara na gina hatimi, wato murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya kuma yi rubutu a kan taurari da ɗalasimai a littafinsa Durrul Manzum. A zamaninsa waɗannan fannoni a cakuɗe suke a hannun malamai da yawa. Bayansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo, a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa da taurari. Ashe muhawarar nan tamu ce tun kaka da kakanni. Ɗalibin da ya san wannan zai girmama lissafin al-Kashinawi, ya riƙe hukuncin Shehu, ya kuma yi fim mai saiwa a ƙasarsa.

Ban ce a jefar da tarot daga labarin ba. Tun da ta shigo wayoyin 'ya'yanmu, ta zama tamu a wannan fuska. Sai dai a nuna ta inda take da gaske: a hannun budurwa, ƙarfe ɗayan dare, a fuskar waya.

Ga masu cewa a bar abin gaba ɗaya

Na san wasu abokan karantarwata za su ce, ai da ka hana ta kawai, rigakafi ya fi magani. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma labarin ɗalibar nan da kansa shaida ne a gare su, tun da ta zame. Toshe ƙofar ɓarna ƙa'ida ce babba a mazhabarmu ta Malikiyya. Wanda ya san zuciyarsa tana da rauni, ko yana cikin damuwar aure ko rashin lafiya ko neman aiki, ni ma ina ce masa ya nisanci wannan bincike, ya zaɓi wani maudu'in. Akwai kuma malaman da ba su yarda da fim ba tun asali, ina girmama ra'ayinsu, wannan bahasi ne na wata rana.

Amma in na ce mata haramun ne na tashi, me zai faru? Aikin makaranta yana nan, sauran huɗun za su yi fim ɗin, kuma za su yi shi yadda aka saba, boka ya yi gaskiya. Bidiyon da ke wayarta ba za su ɓace ba. Abin da zai ɓace kawai shi ne zuwanta wurina da tambaya. Yaran da muke karantarwa yau su ne za su riƙe kyamara da gidajen rediyo gobe. In muka bar su da haddar hani ba tare da fahimtar yadda ƙarya ke aiki ba, mun tura su fagen fama da kube babu takobi.

Daga ƙarshe

Ga abin da na ba ta, ina kuma ba duk ɗalibin da ya sami kansa a irin wannan aiki. Ka karanta tarihin abin daga masana tarihi, ka bar shafukan masu sayar da shi. Kada ka zaro wa kanka ko abokinka ganye, ko da wasa, ko don gwajin kyamara. Kada fim ɗinka ya zama darasin koyon duba, ganye biyu ko uku sun ishi labari. Ka sami wanda zai riƙa tambayarka halin zuciyarka har ka gama. Sannan babba a cikinsu, kada ka ara wa boka alƙalaminka.

Na ce mata, "Ku ɗauke kyamarar daga gaban mai duba, ku ajiye ta a bayanta."

Daga baya mai kallo zai ga abin da budurwa ba ta gani. Zai ga yarinyar gida ta shigo ta raɗa abin da ta jiyo a zaure. Zai ga mata uku sun shigo ɗaya bayan ɗaya, an faɗa musu magana iri ɗaya, kowace ta fita tana mamakin yadda aka san sirrinta. Zai ga idon mai duba yana karanta zobe da lalle da kumburin ido, ba karta ba. In kuma auren zai rushe, a nuna abin da ya rushe shi: amarya ta shiga ɗaki da zargi, tana binciken waya, tana fassara kowane shiru, har ta gina da hannunta abin da aka tsoratar da ita da shi. Wannan ya fi kusa da abin da muke gani a unguwanninmu, kuma ba ya bukatar dattijo mai nasiha a minti na goma.

Ta tafi da littafinta, ta ce za ta kai wa sauran. Shekaranjiya ta aiko mini da saƙo cewa sun sake rubutun, sun yi gardama sosai kafin su yarda, domin ɗaya daga cikinsu yana ganin tsohon labarin ya fi ban tsoro. Ta ce ta goge bidiyoyin, kuma kawunta ya je unguwar yaron ya yi tambaya. Ina roƙon Allah Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri, Ya ba su sa'ar aikinsu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, kuma ina maraba da gyara daga malamaina da 'yan'uwa. Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya sa mu dogara gare Shi a kan abin da muka sani da wanda ya ɓoyu gare mu.

Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.